Daga Ledar Jini Zuwa Haɗin Kirayo: Yadda Nake Shirya Filasma Don Mara Lafiya

Idan aka kawo mini ledar jini daga ɗakin ɗiba, kafin in duba rukunin jinin ma, lokaci biyu nake nema a jikinta: lokacin da allura ta shiga jijiya, da lokacin da aka cire ta. Idan tsakaninsu ya haura minti 15, wannan ledar ba za ta ba ni filasmar da nake so ba. Jinin da ya daɗe yana ɗiga a hankali ya riga ya fara haɗa gudaji tun yana cikin tiyo, kuma ya cinye wani ɓangare na sinadaran da muke nema. Lokacin cire allurar kuma shi ne farkon lissafina. Daga nan ina da awa 8 in raba filasma, wato ruwan jinin nan mai launin rawaya, in kai ta ga daskarewa. Wadda ta cika wannan sharaɗi ita muke kira FFP, wato filasmar da aka daskarar tana sabuwa. Wadda aka daskarar cikin awa 24 ita ma tana da amfani, amma sitikarta daban ce, kuma dole a rubuta gaskiyar abin da take.

Dalilin wannan gaggawa sinadarai biyu ne daga cikin masu tsayar da zubar jini, fakto na 5 da fakto na 8. Sauran suna da juriya. Waɗannan biyun kuwa, musamman na 8, da zarar jini ya bar jiki suke fara raguwa, sanyi mai tsanani ne kaɗai ke tsayar da su.

Sai nauyi. Leda ta yau da kullum an yi ta ne don jini mililita 450, da ruwan hana gudaji mililita 63 a ciki, CPD ko CPDA-1. An yarda da ragi ko ƙari na kashi 10 cikin 100, wato daga 405 zuwa 495. Ledar da ba ta kai haka ba, ruwan hana gudajin ya yi mata yawa, kada ka ciri filasma daga cikinta. Ka kuma duba wanda ya bayar. Wurare da yawa yanzu filasmar maza suke ba marasa lafiya, ko ta matan da ba su taɓa ɗaukar ciki ba, ko waɗanda aka gwada aka ga ba su da antibodin HLA, wato sinadaran garkuwar jiki masu kai wa fararen ƙwayoyin jinin wani hari. Juna biyu kan sa jikin mace ya ƙera waɗannan antibodi, ba su cutar da ita, amma idan suka shiga jikin wani suna iya cika masa huhu da ruwa cikin awa 6 bayan an yi masa ƙarin. Shi ne abin da ake kira TRALI. Birtaniya ta fara karkata ga filasmar maza a 2003, kuma matsalar ta ragu sosai bayan haka.

A gaban injin juyawa

Yawancin ɓarnar da nake gani a nan take faruwa, kuma kusan kullum garaje ne ke jawo ta. Ka naɗe ƙananan ledojin da ke haɗe da uwar ledar, ka cusa tiyo ciki yadda babu abin da ke leƙowa waje, ka tsayar da ledar a kofinta, bakinta sama. Kofuna biyu da ke fuskantar juna sai nauyinsu ya zo daidai a sikeli. Idan da bambanci, ka cike da guntayen roba masu laushi. Kada ka sa wani abu mai tauri ko mai kaifi, domin a wannan gudun ƙaramin abu ma yana iya huda leda.

Idan jajayen ƙwayoyi da filasma kawai kake so, ka saita injin a digiri 4, ka yi juyi mai ƙarfi, kimanin g 5000 na minti 5 zuwa 7. Idan kuma kana son filatilet, ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni, daga wannan ledar, to kada jinin ya ga firji ko kaɗan. Za ka yi aikin a digiri 20 zuwa 24, ka fara da juyi mai sauƙi, kimanin g 2000 na minti 3, ka kwashe ruwan sama mai ɗauke da filatilet, sannan ka sake juya shi da ƙarfi, filatilet su kwanta, filasma ta tashi.

Ka lura na ce g, wato ma'aunin ƙarfin da juyi ke danna jini da shi, ban ce adadin zagaye a minti ba. Sababbin ma'aikata sukan kwafo lambar zagaye daga wani wurin da suka yi aiki, su danna wa injin da faɗinsa ya bambanta, sannan su yi mamakin ganin filasma ja-ja. Lissafin g shi ne 1.118 sau 0.00001, sau nisan da ke tsakanin tsakiyar inji da gindin kofi a santimita, sau adadin zagayen da aka ninka da kansa. Kowane inji a gwada shi a san lambarsa, a manna ta a jikinsa. Kuma idan ya gama, ka bar shi ya tsaya a hankali. Birki mai ƙarfi yana tayar da ƙwayoyin da suka kwanta, aikin minti bakwai ya lalace a daƙiƙa biyar.

Ka ɗauko ledar da hannu biyu, a tsaye, ba girgiza. Za ka ga hawa uku: ja a ƙasa, wani siririn layi fari-fari a tsakiya, rawaya a sama. Ka rataye ta a na'urar matsa leda, ka ɗora ledar da babu komai a kan sikeli, ka karya ɗan makullin da ke bakin tiyo, ka saki faifan matsin a hankali. Daga nan idonka kada ya bar farin layin nan. Yana hawa, yana hawa, har ya kusa kafaɗar leda. Ni da ya rage kamar faɗin yatsa nake maƙale tiyo. Mililita goman da za ka ƙara samu idan ka yi kwaɗayi ba su kai darajar jajayen ƙwayoyin da za su biyo su ba.

Kafin ka yanke tiyo, ka karanta lambar uwar leda da ta ledar filasma, ka tabbata ɗaya ce. Bayan an yanke, babu sauran abin da ya haɗa su sai wannan lambar. Ka liƙe tiyo da na'urar zafi, ka bar 'yan gaɓoɓi don gwaji. Yawan filasmar kuma da sikeli ake saninsa: ka cire nauyin ledar banza, ka raba abin da ya rage da 1.03. Giram 258 zai ba ka kusan mililita 250. Yawanci tsakanin 200 da 300 ake samu.

Ka ɗaga ta ga haske. Rawaya garau ita ce lafiyayya. Ja ko ruwan hoda na nufin jajayen ƙwayoyi sun shiga ko sun fashe. Fara mai duhu da ba ka ganin yatsanka ta bayanta, mai bayarwar ya ci abu mai maiƙo kafin ya zo, ko kitsen jininsa ya yi yawa. Rawaya mai duhu sosai tana sa a yi tunanin shawara. Wani lokaci za ka ga mai kore-kore, wadda sau da yawa daga matan da ke shan maganin tazarar haihuwa take fitowa, amma wasu ƙwayoyin cuta ma suna kawo wannan launin, don haka a ware ta gefe har babba ya duba.

Daskarewa da ajiya

Ƙa'idar Turai ita ce tsakiyar ledar ya daskare sarai cikin awa ɗaya. Tsakiyar ake nufi, ba bayan ledar ba. Wannan sai firiza mai hura iska mai tsananin sanyi, ko mai faifai biyu da ke matse leda. Ka shimfiɗa ledoji a kwance, ɗaya-ɗaya. Idan ka jibga su a kan juna, na tsakiya za su yi awanni suna ruwa, fakto na 8 yana ta zubewa, alhali ma'aunin firiza na nuna maka komai lafiya.

Ga wata dabara da nake so ƙwarai saboda ba ta buƙatar wuta ko kwamfuta. Kafin ka sa leda a firiza, ka ɗaura mata siririyar roba a tsakiya ta ɗan shiga jikinta. Idan ta daskare, ka cire robar. Shatar za ta zauna a jikin ƙanƙarar. Duk ranar da ka ɗauko leda ka ga babu wannan shatar, ka san ta taɓa narkewa ta sake daskarewa, ko da takardar ma'aunin sanyi ba ta nuna ba. Wasu kuma a kwance suke daskarar da ita su ajiye ta a tsaye: idan kumfar iska ta koma sama, labarin ɗaya ne.

Tsawon ajiya ya danganta da ƙa'idar da cibiyarku ke bi. A Amurka wata 12 ne a digiri 18 ƙasa da sifili ko mafi sanyi. A Turai wata 36 ne idan sanyin ya wuce 25 ƙasa da sifili, amma wata 3 kacal idan tsakanin 18 da 25 ne. Ko wacce kuke bi, ledar da sakamakon gwajinta bai fito ba, na HIV, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, wurinta daban, a kulle. Kuma daskararriyar leda kamar gilashi take. A kwali ake sa ta, ba a jefa ta, ba a kama ta ta baki.

Narkarwa ba ta da wuya, amma tana da tarko ɗaya. Ruwan wankan narkarwa digiri 30 zuwa 37 ne, wanda shi ne zafin da ƙwayoyin cuta irin su Sudomonas suka fi jin daɗinsa. Saboda haka ka sa ledar cikin wata ledar kariya, bakinta kada ya taɓa ruwa, a kuma riƙa sauya ruwan ana wanke kwanon. Minti 20 zuwa 30 sun isa. Idan ka ga ruwan rawaya a cikin ledar kariyar, ta tsage, ka zubar. Kada ka ƙara zafi don sauri, furotin zai lalace. Wadda ta narke a ba da ita nan take, ko a sa ta a firji digiri 1 zuwa 6 na awa 24. Wasu ƙa'idojin sun yarda a sauya mata sitika a riƙe ta har kwana 5 don masu zubar jini mai yawa. Ba a mayar da ita firiza.

Wajen rukuni kuwa, abin da ka sani game da jajayen ƙwayoyi ka juya shi. Filasmar AB ba ta da antibodin A ko B, tana shiga jikin kowa. Filasmar O tana da duka biyun, mai O kaɗai ake ba. Mai A yana karɓar A ko AB, mai B yana karɓar B ko AB, mai AB sai AB. Da yake masu AB ba su da yawa, cibiyoyi da dama sukan ba da filasmar A mai ƙarancin antibodi ga wanda aka kawo cikin gaggawa ba a san rukuninsa ba. Awon da aka saba shi ne mililita 10 zuwa 15 ga kowane kilo, wato wajen leda huɗu ga babban mutum mai kilo 70. Idan aka aiko neman leda ɗaya tak don babba, nakan ɗaga waya in tambayi dalili, domin leda ɗaya ba za ta gyara masa komai ba, sai dai ta ɗora masa haɗarin ƙarin.

Kirayo, da yadda ake haɗa shi

A 1964 Judith Graham Pool ta Jami'ar Stanford ta bayyana cewa idan aka narkar da daskararriyar filasma a hankali cikin sanyi, wani farin abu da ke ƙin narkewa yana ɗauke da fakto na 8 mai yawa. Wannan farin abu shi ne kirayo, kuma ya sauya rayuwar masu himofiliya, ciwon da ke hana jini tsayawa, a lokacin. Yau an fi neman kirayo saboda fibirinojin, furotin ɗin da ke saƙa gudajin jini, musamman ga matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa da wanda ya yi mummunan haɗari. Yana kuma ɗauke da fakto na 13 da sinadarin von Willebrand.

Ka ɗauki FFP ka sa ta a firji digiri 1 zuwa 6 ta kwana, ko a ruwa mai zagayawa mai digiri 4 idan kuna da shi. Lokacin da ta zama ruwa-ruwa da sauran 'yar ƙanƙara kaɗan, ka juya ta da ƙarfi a injin da ka riga ka sanyaya, har da kofunansa. Kofi mai ɗumi zai narkar da abin da kake nema ya koma cikin ruwa. Bayan juyi za ka ga wani abu fari mai danƙo manne a gindin leda. Ka kwashe ruwan sama zuwa wata leda, ka bar mililita 10 zuwa 15, ka mayar da shi firiza cikin awa ɗaya. A ma'aunin Amurka kowace leda ta ƙunshi aƙalla miligiram 150 na fibirinojin da yunit 80 na fakto na 8.

Wannan ɗan abin ba ya isar babba. Ana lissafin leda ɗaya ga kowane kilo 5 zuwa 10, shi ya sa babban mutum yake buƙatar wajen leda goma, wanda kan ɗaga fibirinojin ɗinsa da kimanin giram ɗaya a lita. Ba za ka miƙa wa ma'aikaciyar jinya ƙananan ledoji goma ta yi ta huda su ɗaya bayan ɗaya a gefen gadon mai zubar jini ba. Rabin abin zai maƙale a jikin ledojin, kowace huda kuma ƙofa ce ga ƙwayar cuta. Don haka ake haɗa su wuri ɗaya, galibi biyar-biyar.

Ni rubutu nake fara yi kafin in taɓa ko leda ɗaya. Haɗin yana samun sabuwar lamba tasa, kuma a ƙarƙashinta a rajista nake jera lambar kowace leda da za ta shiga, rukuninta, da ranar ƙarewarta, wani abokin aiki ya karanta su da ƙarfi ina bi da ido. Da zarar ruwan mutum biyar ya gauraya, babu gwajin da zai raba maka su. Idan bayan wata shida ɗaya daga cikinsu ya dawo ba da jini aka same shi da ciwon hanta, wannan layin na rajista ne kaɗai zai kai ka ga mara lafiyar da ya karɓa. Ka zaɓi ledoji masu rukuni ɗaya. Idan dole ta sa aka gauraya, sitika ta faɗi haka ɓaro-ɓaro.

Sannan ka narkar da su a digiri 30 zuwa 37 cikin ledar kariya. Ƙanana ne, minti 10 zuwa 15 sun narke. Ka duba kowace ɗaya ita kaɗai, ka murza ta a hankali da yatsu har farin abin ya narke sarai. Wadda ke da tsaga, ko gudaji, ko baƙon launi, a cire ta tun yanzu a soke lambarta a rajista. Ledar da ka yi shakka a kanta ka bar ta ta shiga, ta ja sauran huɗun zuwa kwandon shara, ko mafi muni, zuwa jijiyar mutum.

Idan kuna da na'urar da ke haɗa tiyo da tiyo ba tare da iska ta shiga ba, da ita za ka yi aiki, ka kuma matsa kowane haɗi ka ga ba ya yoyo. Idan babu, to hudawa za ka yi, a cikin akwatin aiki mai tace iska, da safar hannu, ka goge bakin kowace leda da maganin kashe ƙwayoyin cuta ka jira ya bushe. Kirayo yana da danƙo, yana manne wa roba, don haka ana ɗauraye shi. Ka zuba mililita 10 zuwa 15 na ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9 cikin 100 a leda ta farko, ka murza, ka juye a ta biyu, ka murza, haka har ta ƙarshe, sannan cikin ledar haɗi. Ruwan gishirin nan kaɗai aka yarda da shi. Ruwan Ringa, wani ruwan ƙari da ake sa wa a jijiya, yana da kalsiyam, zai sa abin ya yi gudaji a hannunka. Ka matse kowace leda sosai, ka naɗe ta daga gindi zuwa baki. Idan ka ɗaga wadda ka gama da ita ga haske ka ga sauran fari a kusurwa, fibirinojin ne ka bari.

Yanzu agogo. Haɗin da aka yi ta hudawa awa 4 gare shi daga lokacin da aka huda leda ta farko, ba daga lokacin da ka gama ba. Wanda aka yi da na'urar haɗa tiyo awa 6 ne daga narkewa. Ka rubuta ranar da ainihin lokacin ƙarewa, da awa da minti, manya-manya. Kuma narkakken kirayo a digiri 20 zuwa 24 yake zama. Hannu ya saba kai duk abin da ya shafi jini firji, amma sanyi ne ya fitar da kirayo tun farko, idan ya koma firji zai sake dunƙulewa ya toshe matatar tiyon ƙari. Cibiyoyin da ke da hali sukan haɗa biyar-biyar ɗin tun kafin daskarewa, sai dai kawai a narkar da leda biyu idan buƙata ta taso. A ganina duk wanda zai iya haka ya yi, domin aikin da aka yi da rana cikin natsuwa ya fi wanda ake yi ƙarfe uku na dare waya tana ta ƙara.

FFP ita kanta ba kasafai muke haɗa ta ba, ɗaya bayan ɗaya ake rataye ta, sai dai wajen musanyar filasma inda ake buƙatar lita biyu ko uku. Idan aka haɗa ta ta hudawa, awa 24 ne a firji. Wannan taka-tsantsan yana da tarihi. A Yaƙin Duniya na Biyu an ceci sojoji da yawa da busasshiyar filasmar da aka haɗa daga mutane masu yawa, amma ciwon hanta ya bi ta ya kama da dama daga cikinsu. A shekarun 1980 kuma HIV ya shiga jikin dubban masu himofiliya ta magungunan da aka tace daga haɗin filasmar dubban mutane. Masana'antu har yanzu suna haɗa ta ɗaruruwan mutane, kamar filasmar da ake kira Octaplas, amma suna bi da sinadaran da ke narkar da rigar kitsen ƙwayoyin HIV da ciwon hanta B da C. Ko wannan ma ba ya kashe waɗanda ba su da rigar, irin su ciwon hanta nau'in A da ƙwayar cutar da ake kira fabo B19, sai an yi musu gwaji na daban. Mu a ɗakin gwajin asibiti ba mu da wannan matakin, shi ya sa haɗinmu yake ƙarami.

Saboda gajartar awa huɗun nan, ba na huda leda sai na yi magana da wanda ke kan mara lafiya. Nakan tambayi nawa fibirinojin ɗinsa yake, domin ƙa'idoji da yawa suna cewa a bayar idan ya sauka ƙasa da giram 1.5 a lita ga mai zubar jini, ko ƙasa da 2 ga mai haihuwa. Nakan tambaya ko an sa masa allurar ƙari a jijiya, ko akwai tiyon ƙarin jini mai matata ta maikiron 170 zuwa 200, da wanda zai zo ya ɗauka. Awa huɗun sun haɗa da tafiya zuwa ɗaki da lokacin shigarsa jiki gaba ɗaya. Idan haɗin ya dawo ba a yi amfani da shi ba kuma lokacinsa ya wuce, a zubar da shi ta hanyar sharar asibiti, a koma rajista a rubuta hakan a gaban lambar haɗin da gaban lambar kowace leda da ta shiga cikinsa.